Mindar da aka raba wa sojojin da suka ci Kano da Sakkwato

A 1902, zamanin Sarkin Ingila Edward na Bakwai, gwamnatin Birtaniya ta ƙirƙiro wata minda don sojojin da ke yi mata ƙananan yaƙe-yaƙe a Afirka. Sunanta Africa General Service Medal. Ta azurfa ce, faɗinta milimita 36. A fuska ɗaya akwai hoton sarkin cikin kayan soja. A ɗaya fuskar kuma mace ce a tsaye, wadda Turawan Ingila ke kwatanta ƙasarsu da ita, riƙe da mashi mai baki uku da reshen dabino, zaki na gefenta, rana na ɓullowa daga nesa, a ƙasa an rubuta AFRICA. Ƙyallen da ake rataye ta da shi rawaya ne, bakinsa biyu baƙi, da siraran layuka kore guda biyu a tsakiya.

Duk wannan ado ne, kuma in ban da hoton sarki da ke sauyawa in an yi sabon sarki, iri ɗaya ne a kan kowace. Abin da ya bambanta mindar wani soja da ta ɗan'uwansa wurare uku ne: ɗan maƙalin ƙarfen da ake sa wa a kan ƙyallen, rubutun da ke zagaye da bakin mindar, da irin ƙarfen da aka yi ta da shi. Wanda ya iya karanta waɗannan ukun zai ga yadda aka ci ƙasar Hausa, da hannun wa aka ci ta, da yadda masu cin suka so a tuna da abin.

Sai a fara da maƙalin, don shi ne ginshiƙin tsarin. Minda irin wannan ba ta jarumtaka ba ce. Ba a tambayar ko soja ya yi bajinta ko ya ɓuya bayan tururuwa. Sharaɗi kawai shi ne sunansa ya kasance cikin rundunar da ta fita wani yaƙi, a wani wuri, tsakanin rana kaza da rana kaza. Birtaniya a wancan zamani ba ta rabuwa da yaƙi. Kafin a gama da wannan sarki an tsokano wancan. Yi wa kowane yaƙi tasa mindar daban zai zama aiki ja. Sai suka tsaya a kan minda ɗaya, kowane yaƙi kuma a buga masa ɗan ƙarfe mai ɗauke da sunan wuri, yawanci har da shekara. Soja sau ɗaya yake karɓar mindar a rayuwarsa. In ya sake fita wani yaƙin, maƙali kawai za a ƙara masa a saman na farko. Daga 1902 zuwa lokacin da aka daina ba da ita, an fitar da maƙalai 45.

Ba ita ce ta farko ba. Kafin ita akwai East and West Africa Medal, wadda ta ɗauki yaƙe-yaƙen 1887 zuwa 1900. A kanta ne aka sa maƙalin Benin 1897, da na Niger 1897, wato lokacin da kamfanin Royal Niger na George Goldie ya kai wa Bida da Ilori yaƙi. Amma sabuwar ta zo daidai da shekarun da Lugga, gwamnan Turawa na Arewa, ke haɗiye Daular Usmaniyya gari bayan gari, shi ya sa maƙalanta na farko-farko suka zama tamkar jadawalin faɗuwar masarautunmu.

Akwai wanda aka rubuta masa N. Nigeria kawai, babu shekara. Shi ne na 1900 zuwa 1901: Kwantagora ta Ibrahim Nagwamatse, Bida ta Etsu Abubakar, sai Yola a watan Satumban 1901, inda Lamiɗo Zubairu ya ƙi miƙa wuya ya bar garin. N. Nigeria 1902 ya haɗa da tafiyar da aka yi ta Bauchi zuwa Borno. Sannan babban, N. Nigeria 1903.

Kwanakin da aka ɗebar wa wannan maƙali su ne 29 ga Janairu zuwa 27 ga Yulin 1903. Ba kwanakin banza ba ne. Ran 29 ga Janairu Kanar Morland ya tashi daga Zariya ya nufi Kano. Hujjar da Lugga ya riƙe ita ce kisan Kyaftin Moloney a Keffi cikin Oktoban 1902, da kuma cewa Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya yi kisan, ya gudu Kano an karɓe shi hannu biyu. A hanya aka fasa Bebeji. Ran 3 ga Fabrairu aka sa wa ganuwar Kano igwa, aka shiga ta Ƙofar Kabuga. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da mafi yawan dawakinsa, ya bar birnin a hannun manyan bayinsa, kuma Sarkin Shanu a gidan sarki ya mutu yana faɗa. Lissafin Turawan kansu ya ce an kashe Kanawa kusan 300, su kuwa ba su rasa ko mutum ɗaya ba, 14 ne suka ji rauni. Ƙarshen watan, rundunar Kano da ke dawowa ta yi karo da sojan dokin Turawa a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya faɗi. Ran 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, bayan garin Sakkwato, kuma kafin rana ta take an gama. Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗau hanyar gabas da niyyar hijira, jama'a na barin gonaki da gidaje suna bin sa. A Burmi, can wajen Bajoga ta jihar Gombe ta yau, mutanen garin suka kori Turawa ran 13 ga Mayu. Suka dawo da ƙarfi ran 27 ga Yuli. A ranar aka kashe Attahiru da mutum fiye da 600, aka kashe shugaban rundunar Turawan, Manjo Marsh. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu har gobe.

Wata shida ke nan da suka rushe daular da ta kusa shekara ɗari. A ƙirjin soja, dukkansu sun dunƙule cikin ɗan ƙarfen da bai kai tsawon yatsa ba. Babu Kano a jiki, babu Sakkwato, babu Burmi. Wanda ya tsaya a Giginya da wanda ya shiga Burmi maƙali ɗaya suka samu. Kuma sunan da aka buga na ƙasar da Turawan suka shelanta ne a Lokoja ran 1 ga Janairun 1900, tun ba su taka mafi yawanta ba. A bisa takarda, ƙasar tasu ce tuni. Abin da aka je yi a Kano da Sakkwato, a idon ofishinsu, kwantar da tarzomar cikin gida ne. Duk wanda ya karanta maƙalin ba tare da sanin wannan ba zai ɗauka sintiri aka je.

Na 1906 ya fi wannan nauyi. Satiru ƙauye ne kudu da Sakkwato, inda talakawa da bayin da suka gudo suka taru kan kiran Mahadi, tare da wani malami makaho da ake kira Ɗan Makaho, wanda ya tsallako daga yankin Faransa. Ran 14 ga Fabrairun 1906 mutanen Satiru, da gatura da fatanyu da kibau, suka tarwatsa wani rukunin sojan doki. Suka kashe Razdan Hillary, da mataimakinsa Scott, da Laftanar Blackwood, da sojoji baƙaƙe fiye da ashirin, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Tun zuwan Turawa ba a taɓa yi musu irin wannan ba. Ran 10 ga Maris rundunar Manjo Goodwin ta je, tare da dawakin Sakkwato. An kashe mutum kusan 2,000, aka kwashe mata da yara, aka baje garin, aka hana sake zama a wurin. Cikin Afrilu kuma aka juya kan Haɗeja, inda Sarki Muhammadu ya mutu yana yaƙi a cikin garinsa, shi ya sa Haɗejawa ke ce masa Mai Shahada. Satiru da Haɗeja ba abu ɗaya ba ne ko kaɗan: ɗaya boren talaka ne a kan Nasara da sarauta gaba ɗaya, ɗaya kuwa sarki ne da ya ƙi sunkuyawa. Amma maƙalinsu ɗaya, N. Nigeria 1906. Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu, wanda Turawa suka naɗa a 1903, shi ma an ba shi lambar girma ta CMG saboda ya tsaya tare da su a rikicin Satiru. Wannan wani ɓangare ne da ba a cika son taɓawa ba in ana hirar tarihi a fada.

Yanzu a juya mindar a dubi bakinta, inda ake buga lambar soja, da muƙaminsa, da sunansa, da rundunarsa. A nan ne labarin ke daina daɗin ji.

Rundunar da Morland ya fito da ita daga Zariya Turawa ba su kai hamsin ba a cikinta, hafsoshi da saje-saje da likitoci. Sojoji baƙaƙe kuwa sun haura 700, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. Ma'ana, in aka tara mindojin da ke ɗauke da N. Nigeria 1903 wuri guda, mafi yawansu nesa ba kusa ba sunayen 'yan Afirka ne a bakinsu. Galibi sunan yanka ne haɗe da sunan gari ko na ƙabila, yadda akawun bariki ya ji a kunnensa ya rubuta. Kuma garuruwan da ake gani, da yawansu namu ne. Hannun da ya ja kunamar bindiga a Giginya, a mafi yawan lokuta, na mai jin Hausa ne.

Abin ya samo asali tun 1863, lokacin da John Glover ya tara wasu mutanen Arewa a Ikko, yawancinsu bayin da suka tsere wa iyayengijinsu, ya ba su bindiga. Turawa suka yi imani cewa Bahaushe ya fi kowa iya soja a Afirka ta Yamma, suka dinga nemansa. A bakinsu kuwa duk wanda ya fito daga Arewa yana jin Hausa Bahaushe ne, ko Babarbare ne, ko Banufe, ko Bazabarme. Da su aka yaƙi masarautar Asante ta ƙasar Gana ta yau a 1873 zuwa 1874, da su aka koma Kumasi a 1896. A 1897 aka kafa rundunar West African Frontier Force, Lugga ne kwamandanta na farko, da kamfanonin Hausawa da na Yarbawa. A 1900, da sarauniya Yaa Asantewaa ta tayar da Asante, sai aka kwashe sojojin Lugga sama da dubu aka tura Kumasi ƙarƙashin Kanar Willcocks. Wannan ne ma ya jinkirta shirin Lugga a Arewa. Suna dawowa a ƙarshen shekarar, bai bari sun huta ba, ya tura su Kwantagora da Bida. Don haka akwai ƙirjin da ya ɗauki mindar Asante ta 1900 a gefe guda, ta Arewa da maƙalai biyu ko uku a ɗaya gefen. Wasu tsofaffin sojojin can suka yi zamansu a zangunan ƙasar Gana ta yau, suka haɗu da fataken goro da suka riga su.

Me ya kai su? Saurin cewa maciya amana ne ba ya bayyana komai. Mutumin da aka kamo a harin bayi yana yaro, aka sayar da shi kudu, ya gudu, ba shi da wata amanar Sarkin Kwantagora a wuyansa da zai ci. Bariki ta ba shi kusan sule ɗaya a rana, da kaki, da bindiga, da tabbacin cewa ubangijinsa ba zai zo ya kama shi ba. Wasu yunwa ce ta kawo su, wasu tsofaffin mayaƙan Rabe ne ko na wasu sarakuna da yaƙi ya zame musu sana'a, wasu kuma ganima suka hango. Wannan bai wanke abin da suka yi a Satiru ba, kuma talakawa sun sha wuya a hannun soja mai kaki, da ƙwace da duka da ɗaukar mata. Sai dai tarihin da ke cewa Turawa ƙalilan ne suka ci mu da ƙarfin bindiga mai ruwa kaɗai, rabin magana ne. Bindigar ta yi aikinta, musamman da yake mahaya doki na afka wa sojojin da suka tsaya kusurwa huɗu suna harbi a tare. Amma da babu ɗaruruwan mutanen da daular ta mayar bayi ko ta bar su a gefe, da babu mai tsayawa a wannan sahun.

Na uku shi ne ƙarfen. Soja azurfa yake samu, Bature ne ko baƙi. A wasu yaƙe-yaƙen an buga ta tagulla don waɗanda ba sa riƙe bindiga, irin 'yan alaro da masu hidima. Runduna ba ta motsawa sai da su. Babu mota, babu jirgin ƙasa. Harsashi da igwa da shinkafar hafsa da gadonsa duk a ka ake ɗauka, kuma sau da yawa da ƙarfi ake kamo masu ɗaukar daga ƙauyukan hanya. Su ne suka fi mutuwa da ƙishirwa da sanyin hunturu da gudawa. Mafi yawansu ko tagullar ba su gani ba, domin sai sunanka ya shiga rajista ake buga maka, wanda aka tsinto a hanya kuwa babu mai rubuta shi.

A sama da wannan duka akwai lambobin jarumtaka, su ma da nasu matakin. Laftanar Wallace Wright ya samu Victoria Cross, babbar lambar jarumtakar Birtaniya, saboda faɗan Kwatarkwashi. Takardar yabonsa ta ce shi da hafsa ɗaya da soja 44 suka tare dawaki 1,000 da dakaru 2,000 har awa biyu. Sojan nan 44, waɗanda su ne suka yi harbin, sunansu bai shiga takardar ba. Sojojin Afirka an ware musu tasu lambar bajinta daban.

Akwai wani abu game da tsarin maƙali da masu sukarsa tun a wancan zamanin suka lura da shi. Hafsan Ingila da ya nemi a turo shi Afirka ta Yamma, inda zazzaɓi ke kashe Turawa kamar ƙudaje, ba don son ƙasar ya zo ba. Albashi ya fi tsoka, kuma a nan ne ake samun yaƙin da ke kawo minda da ƙarin girma. Ba kowace fita ake ba wa maƙali ba. Sai kwamanda ya rubuta rahoto, gwamna ya goyi baya, Landan ta amince cewa abin ya kai a kira shi yaƙi. To in ladan mutum ya rataya a kan a yi faɗa, kuma shi ne mai rubuta rahoton yawan abokan gaba, ba sai an faɗa wa mai karatu inda alƙalami zai karkata ba. Sulhun da aka ƙulla da baki ba ya kawo maƙali. Shi ya sa nake ɗaukar adadin mayaƙan da rahotannin nan ke jingina wa sarakunanmu da taka-tsantsan, kamar yadda nake ɗaukar adadin gawawwakin. Ofishin kula da ƙasashen mallaka ma bai so gaggawar Lugga kan Kano ba, kuma a 1906 Winston Churchill, yana ƙaramin minista a ofishin, ya rubuta ƙorafi a kan yawan zubar da jini a yankin. Ƙorafin bai hana a buga maƙalin shekarar ba.

Faransa ma haka ta yi a nata ɓangaren. Tun 1893 take da mindar mulkin mallaka guda ɗaya, mai ƙyalle shuɗi da fari, da maƙalai masu sunayen yankuna. A ƙarƙashin irin wannan tsari aka sallami sojojin da suka ci ƙasar Nijar ta yau, a shekarun da rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni ta yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu cikin 1899, ragowarta kuma ta shiga Damagaram a watan Yulin shekarar. Can ma hafsoshi ne Turawa, masu harbin 'yan Afirka.

Mindar Ingila ta daɗe fiye da yadda masu ƙirƙirarta suka zata. An buga ta da fuskar sarakuna uku: Edward na Bakwai, George na Biyar, da Elizabeth ta Biyu. Ta ɗauki Aro 1901-1902 na ƙasar Ibo. Ta ɗauki maƙalai da dama na Somaliya, inda Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan ya hana Turawa sakat shekara ashirin, sai a 1920 da aka kawo jiragen sama. Ta ɗauki Nyasaland 1915, boren John Chilembwe a Malawi ta yau, da Nigeria 1918, boren Egbawa kan haraji da aikin tilas. Daga 1920 aka yi shiru fiye da shekara talatin, sai aka farfaɗo da ita don maƙali na ƙarshe, Kenya, na yaƙin Mau Mau daga 1952 zuwa 1956. Cikin masu karɓarsa akwai Turawa matasa da yawa da aka ɗebo daga Ingila, tare da sojoji da 'yan sandan Afirka ta Gabas.

A yau mindojin nan sun koma kayan gwanjo. Masu tara kayan tarihi a Landan na saye da sayarwa, kuma farashi na bin ƙarancin maƙali da sunan da ke baki. Ta hafsa Bature, wanda za a iya gano hotonsa da makarantarsa da wasiƙunsa, ta fi ta ƙaramin soja baƙi kuɗi sosai, ko da a sahu ɗaya suka tsaya. Da yake kuɗi ya shigo, jabu ma ya shigo: ana cire maƙali daga wata a ɗaura wa wata, ana goge suna a buga sabo.

Abin da ke warware wannan shi ne rajistar da aka rubuta kafin a raba mindojin. Tana nan a Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kew, a Landan, cikin kundin Ma'aikatar Yaƙi mai lamba WO 100. A ciki an jera kowace runduna, da lambar kowane soja, da sunansa, da maƙalin da ya cancanta. Littattafan hafsoshi ba su damu da sunayen waɗannan mutane ba, marubutan fada ma ba su da dalilin tuna su, don haka ga yawancinsu wannan rajista da bakin mindar su ne kaɗai wurin da aka rubuta su. Gidan da ya gaji irin wannan minda a cikin adakar kaka, lambar da ke bakinta ita ce za a fara nema a rajistar. In lambar da sunan da maƙalin sun yi daidai, an san rundunar da mutumin ya bi da watannin da ya yi a cikinta, daga nan kuma rahotannin yaƙin za su nuna garuruwan da rundunar ta shiga.